Inna a Motar da Ba Ta da Kujerar Baya

Maigidana, Allah ya jiƙansa, mutum ne mai yawan dabara. Tun da ya rasu mutane ke zuwa suna faɗa mini kirkinsa, ina amsawa, ina godiya. Amma idan suka tafi na zauna ni kaɗai, shirmensa ne yake dawo mini.

A lokacin muna zaune a Ƙofar Jatau. Yana aikin ofis, yana kuma da 'yar gona a bayan ganuwa. Wata shekara masara ta yi kyau, sai na gan shi tsaye a ƙofar gida yana zagaya tsohuwar motarsa kamar mai shirin saye. Da ya shigo ya ce mini, "Kin san kujerar bayan nan ba ta aikin komai?"

Na ce, "Malam, ai mutane ke zama a kai."

Ya ce, "Mutane suna da ƙafa. Masara fa?"

Ya aro sifana wurin bakanike, ya tuɓe riga, ya shige mota. Ya daɗe yana ƙwanƙwasa yana gumi. Ya fito da mazaunin, ya koma ya fito da majinginar, sai but da cikin motar suka haɗe suka zama ɗaki guda. Ya kira kafinta ya shimfiɗa falanki mai santsi tun daga bayan kujerar direba har ƙarshen but, wai don buhu ya riƙa zamewa da kansa. Notikan kujerar kuma ya ce ya adana su a wuri mai kyau. Shi kansa bai sake sanin wurin ba.

Gaskiya motar ta kwashi masara. Kujerar kuwa kafinta ya yi mata ƙafafun katako, aka ajiye ta a ƙofar gida, dattawan unguwa suka mayar da ita majalisa. Wani tsoho maƙwabcinmu mai ciwon baya yakan zo tun da hantsi ya kama gefe guda, ba ya tashi sai salla.

Ana cikin haka saƙon Inna ya zo.

Inna mahaifiyata ce, ni ce 'yarta ta fari, saboda haka ba ta kiran sunana, ba ta kuma yi mini magana fuska da fuska sai dole. Malam kuwa suruki ne. Idan ya je gaishe ta a Ƙofar Galadima, daga bakin zaure yake durƙusawa, ita kuma ta amsa tana kallon bango. Tana da wa guda ɗaya, Kawu, a ƙauyensu. Sun yi shekaru ba sa magana, a kan wata babbar tukunyar ƙarfe ta mahaifiyarsu da ta ɓace a hannunsa. Daga tukunya magana ta yi tsawo, aka faɗi abin da bai kamata ba.

Matar da ta kawo saƙon ta ce Kawu zai tafi aikin hajji, kuma yau da rana za a tara maniyyata a cikin gari a wuce da su. Inna ta ce tsoho ne, ga hawan jini, ba wanda ya san ko zai dawo. Ba ta son ya tafi suna riƙe da juna. A zo da mota yanzu a kai ta, don ƙauyen ba ya samun motar haya sai ranar kasuwa.

Malam ya kalle ni, na kalle shi. Ya fita da sauri ya roƙi tsohon nan ya ɗan tashi. Tsoho ya tashi yana mita, suka kinkimi kujera da ƙafafunta suka tura cikin mota. Ta shiga. Malam ya hau don gwaji, sai kansa ya tokare rufi, wuyansa ya lanƙwashe gefe guda.

Tsohon ya leƙa ya ce, "Idan tafiyar ba nisa, za a iya."

Aka nemi kafinta ya cire ƙafafun, aka ce ya tafi kasuwa. Aka fitar da kujera, tsoho ya koma gefensa. Malam ya ɗauko tsintsiya ya share falankin sama-sama, ya shimfiɗa tabarmar roba, ya ɗora matashi biyu. Ƙwayoyin masarar da suka maƙale a kusurwa bai kula da su ba.

Mota ba ta shiga lungun su Inna, don haka muka jira ta a bakin hanya. Ta fito da mayafinta na fita unguwa, da ƙullin yaji da kuli na guzurin Kawu. Malam ya durƙusa ya gaishe ta, ya buɗe mata ƙofar baya yana kallon ƙasa. Ta tsaya. Ta daɗe tana duban cikin motar.

Ta ce da iska, "Ɓarayi ne?"

Malam ya ce da ni, "Ki gaya wa Inna gyara ake yi."

Na gaya mata, ko da yake tana tsaye kusa da shi fiye da ni. Kujera ɗaya ta rage, ta gaba, kafaɗa da kafaɗa da suruki. Wannan ko a mafarki Inna ba za ta yi ba. Ni kuma ina da tsohon ciki a lokacin, abin da ita ba za ta ambata da bakinta ba. Na ce bari in koma baya mu zauna tare. Ta ɗaga kai tana kallon wayar lantarki ta ce, "Wasu mutanen ba sa zama a ƙasa yanzu." Ta cire takalmi kamar mai shiga ɗaki, ta hau tabarma, ta miƙe ƙafa.

Malam ya karkata madubi sama don kada idonsa ya faɗa a kanta, ya ja mota.

A cikin gari lafiya lau. Muna fita ƙofa muka hau hanyar ƙauye, masarar nan ta gangaro ƙarƙashin tabarma. Malam ya taka mai, na ji wani shuuu a bayana. Na waiga, babu Inna. Sai tafin ƙafarta.

Malam ya ce a hankali, "Duba mini, Inna tana ina?"

Na ce, "Tana but."

Ya firgita ya taka birki, Inna ta dawo da tabarmarta da ƙullinta, ta tsaya daidai bayan kujerarsa. Ta gyara ɗankwali. Ba za ta yi wa suruki faɗa ba, ba za ta yi mini ba. Sai ta bugi jikin ƙofa da tafin hannu ta ce, "Ke motar nan, ki ji tsoron Allah. Ni ba buhu ba ce."

Malam ya ce, "Ki ce wa Inna motar ta ji."

Haka muka tafi. Kowace kwana ta kai ta ƙofar hagu, ta gaba ta dawo da ita ta dama. Tana salati, tana yi wa mota nasiha. Ta ce mata mota mai tarbiyya ba ta gudu da tsofaffi. Ta tambaye ta ko wani take bi bashin gaisuwa da take wannan sauri. Ni na toshe baki da mayafi, ina danne dariya. Malam gumi ya jiƙe masa wuyan riga.

Da muka isa, Kawu na tsaye a gindin bishiya bakin hanya, cikin yadin maniyyata, da jakarsa, yana ta faɗa da mutanen da ba sa nan. Motar da aka ɗauko masu ta cika da 'yan rakiya, kowa ya ɗauka yana ciki, aka tafi aka bar shi yana alwala. Da ya ga motarmu ya yi hamdala. Da ya leƙa ya ga Inna, fuskarsa ta ɗaure.

"Auta."

"Yaya."

Iyakar gaisuwar ke nan. Na buɗe ƙofa zan sauka in ba shi gaba, ya ce, "Zauna, 'yata, yau kin fi ni nauyi." Ya tura jaka, ya hau, ya kama ƙofar dama. Inna ta matse jikin ta hagu tana kallon taga. Duk maganar da ta ɗauko tun daga gida ta maƙale. Na san halinta, na san nasa. Tafiyar ba ta da tsawo, kuma za su iya kaiwa ƙarshenta ba wanda ya ce uffan.

Kwana ta farko ta ɗauko Kawu ta ɗora shi a kan ƙafar Inna.

"Yaya, ɗaga mini ƙafa."

"Ke kika zo wurina."

"Ni? Ina zaune inda nake ka taho kamar kabewa."

"Har yanzu bakinki yana nan."

"Yana nan. Tukunya ce dai babu."

"Af! Tukunyar da gindinta ya huje?"

"Wa ya huda shi?"

Suna cikin haka shanu suka shigo hanya. Malam ya taka birki, su biyun suka taho suka bugi bayan kujerunmu. Shanu suka wuce, ga tudu a gaba, ga lokaci yana tafiya. Malam ya taka mai da ƙarfi. Shuuu. Na waiga, ƙafafu huɗu ne a bakin but, da hular Kawu tana birgima ita kaɗai.

Shiru. Na ɗauka wani ya ji ciwo. Sai na ji wata irin ƙara daga ciki, kamar ana shaƙe kaza. Kawu ne ke dariya. Can Inna ta kama, irin dariyar da ban taɓa ji daga bakinta ba, har da tari.

Kawu ya ce, "Malam, makara ma ta fi wannan daɗin hawa."

Malam ya ce, "Allah ya huci zuciyar Kawu. In tsaya?"

"Ka tsaya a tafi Makka a bar ni? Taka!"

Suka jawo jiki suka fito. Kawu ya ce ta tokare ƙafarta a can, shi ya tokare a nan, su riƙe hannun juna. Dabarar ta yi, sai dai ta haɗa kawunansu wuri guda. Na mayar da fuskata gaba. Bayan ɗan lokaci na ji muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Auta, aro na bayar da ita, na manta wa na ba. Kunya ce ta hana ni faɗa. Ki yafe mini."

Inna ta ja hanci. "Na yafe, Yaya, duniya da lahira. Ni ma abin da na faɗa maka ranar nan, ka yafe."

"Na yafe."

Sai ta ce, "Amma gindinta bai huje ba."

"Bai huje ba," in ji Kawu.

Mun tarar motocin maniyyata ba su tashi ba. Kawu ya sauka yana ɗingishi yana kakkaɓe masara daga rigarsa. Inna ta miƙa masa ƙullin, yajin ya ɗan zube, suka yi atishawa tare. Ta raka shi har bakin mota, ta tsaya a rana sai da suka ɓace.

Ni da Malam muna cikin tamu muna jira. Duk tafiyar nan idonsa yana kan hanya, ƙarar inji kuma ta hana shi jin ƙarshen maganar. Ya tambaye ni, "Sun shirya?"

Na ce, "Sun shirya."

Ya sauke numfashi, ya share fuska da hula. Sannan ya ce, "Kin gani ko? Da akwai kujera, kowa zai kama tagarsa har mu iso."

Na ce, "Malam, kada ka soma."

Ya soma kuwa. Duk wanda ya zauna da shi sai ya ji yadda ya sasanta surukarsa da yayanta da sifana. Har ya koma ga Allah yana faɗin haka, ni kuma ban taɓa yarda a gabansa ba.