Takardun Shaidar Likitan Katantanwa

Mun bar Kankara ranar Litinin da ƙarfe biyar da rabi na asuba, ni da Dokta Marek, a Landirobar aiki. Shekarun nan ne da kuɗin mai suka cika ƙasa. Dokta mutumin ƙasar Folan ne ta Turai, shekararsa bakwai yana bin tafkunanmu yana tsintar katantanwa, yana binciken tsargiya, cutar da ke sa yara fitsarin jini. Ni ne direbansa kuma tafintansa. Izinin zamansa ya kusa ƙarewa, aikin bai ƙare ba, sai ya nemi takardar zaman dindindin. Ofishin da ke Kaduna ya ce ya kawo shaidar masu gari uku cewa sun san shi. Dokta ba ya karanta Hausa, don haka ya bar komai a hannuna.

Ƙasar Kankara

Ƙarfe shida da kwata muka isa ƙauyen farko. Mai gari ya sa aka kawo koko da ƙosai, aka kira malamin da ke yi masa rubutu. Na ce a rubuta shekara bakwai. Mai gari ya ɓata rai, ya ce mutumin da ya duba fitsarin kowane yaro a garinsa ba za a lissafa masa shekaru kamar ɗan cirani ba.

"Malam, rubuta nan anka haife shi," in ji shi. "Cibiya tai na bayan rumbuna."

A nan na fara kuskure. Na ɗauki abin kamar binciken neman aure, inda duk abin da aka ƙara wa mutum alheri ne. Dokta ya tambaye ni me aka ce, na ce ana yabonsa.

Ƙasar Faskari

Mun iso ƙarfe goma sha ɗaya, bayan sojoji sun tsayar da mu a shinge. Sun buɗe kwalaben katantanwa, suka tambaya ko Dokta ci yake yi, suka sallame mu. Mai garin nan ya ce kafin ya rubuta sai ya ji abin da na Kankara ya ce. Na karanta masa, har ina gyara murya. Sai ya ce in Kankara ta haife shi, to su suka yi masa kaciya. Aka kira tsohon wanzami ya dangwala yatsa, ya ƙara da cewa yaron ko kuka bai yi ba. Muka ci tuwon dawa da miyar kuka, muka kwana a ɗakin baƙi.

Ƙasar Sabuwa

Talata ƙarfe bakwai muka tashi ta Funtuwa da Dandume. Hanyar daji ce, sau biyu muna kafewa, sai ƙarfe biyu muka isa. Mai garin nan ya ji takardun biyu, ya ga an cinye haihuwa da kaciya, sai ya ba Dokta kaka. Ya ce kakan Dokta maharbi ne, kuma ya kai mu gindin wata ɗorawa ya nuna kabari. Dokta ya ga kowa ya sunkuyar da kai, shi ma ya cire hula. Na tsaya kusa da shi ina ta cewa amin.

Kaduna

Laraba ƙarfe tara muka shiga ofis. Jami'in Bahaushe ne, ya karanta takardun sau biyu, ya dubi Dokta da jan gashinsa, ya tambaye shi inda aka haife shi. Dokta ya faɗi sunan garinsu.

Jami'in ya juyo gare ni. "Malam Sani, in waɗannan gaskiya ne, ɗan ƙasa ne mai fasfo na bogi. In fasfon ne gaskiya, baƙo ne mai shaidar ƙarya. Wanne zan rubuta?"

"Yallaɓai, karamci ne aka yi masa."

Ya ce babu gurbin karamci a fom ɗin. Ya buga hatimin ƙi, ya ce ba zai kai maganar gaba ba, amma Dokta ya bar ƙasa idan izininsa ya ƙare.

Komawa

A hanya Dokta ya sa na tsaya, na fassara masa takardun kalma kalma. Da na zo kan wanzami ya yi dariya har ya riƙe ƙofar mota. Muka iso Kankara ƙarfe biyar na yamma. Bayan mako uku ya tafi, bai taɓa ce mini ni na jawo ba. Binciken ya tsaya, yara suka ci gaba da wanka a tafki.

Da na kai wa mai garin farko labari, ya girgiza kai ya ce laifinmu ne da ba mu samo masa uwa ba.

Na gode wa Allah da ya dawo da mu lafiya, na gode wa masu garin da suka ciyar da mu, Allah ya jiƙansu. Su ba su san ofis ba. Ni na sani, na kuma iya karatu. Dokta, in kana raye, ka yafe mini.