Tafin Ƙafar Kabtin

Jiya a shagon aski a unguwar Madain Fahd, talabijin na nuna wani kocin Amurka da ya yi ritaya, na ƙwallon nan tasu da ake runguma a ruga da ita. Sai jera kofunansa ake yi. Mai askin ya ce, "Kai da ka yi gola, naku kocin kofi nawa ya ci?"

Ko ɗaya. Na gaji da wannan tambayar.

Kocin namu, dattijon da muke kira Kabtin, tela ne a unguwar Hindawiyya. Filinmu kango ne bayan gareji, ga fasassun kwalabe, ga ƙusoshi, mu kuma ba takalmi. Kafin kowane wasa sai ya tuɓe nasa, ya taka filin daga raga zuwa raga, ƙasa na ƙuna. Abin da ya soke shi, ya tsugunna ya tsince, ya jefa a gwangwani.

Ranar da wani kulob ya gwada ni, suka yaba, suka ga iƙama ce a hannuna, takardar zaman baƙo ba ta ɗan ƙasa ba, suka ce halas, magana ta ƙare, na dawo na tarar da shi yana tattakin nan, dunduniyarsa na jini.

Na ce, "Baba, don Allah ka bari. Ba inda ƙwallon nan za ta kai mu."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Na sani, ya waladi, ɗana. Amma gida za ku koma, kuma da ƙafa za ku koma. Yalla, shiga raga."

An rushe unguwar, ko wurin filin ba na ganewa. Ba mu zama kowa ba. Amma har yau babu tabo ko ɗaya a tafin ƙafata.

Allah Ya sanyaya masa ƙasar da yake kwance a ciki.