Idon Inna da Ganyen Zaƙami

A unguwarmu ta Kurfi, duk jaririn da aka haifa mahaifiyata, Inna, ce ke yi masa wankan farko. Rabin masu gemun unguwar ta hannunta suka bi.

Ina gidan aurena a Dutsin-Ma ta kira ni a waya, murya a sanyaye. Wai jikar maƙwabciyarmu ta haihu, ba a aiko mata ba. Na shigo mota na taho. Ina dubanta na ga ba lafiya. Baƙin tsakiyar idonta na dama ya buɗe ya yi faɗi, na hagun kuwa lafiya lau. Ko hasken tsakar gida ba ta iya kallo.

Ashe magana ta riga ta zagaye gari. Wasu sun ce iska ce ta shafe ta. Ita kuwa maƙwabciyar, mai bakin da ba ya rufuwa, cewa ta yi haka idon masu kama kurwa yake komawa. Inna, mayya! Na figi mayafi zan faɗa gidan, Inna ta riƙe ni.

"Ke kin cika zuciya. Zauna."

Ban zauna ba, asibiti na kai ta a Dutsin-Ma. Likitan ya haska idon da tocila, ya shiga tambaya. Ta bugu a kai? A'a. Ciwon kai ko gani biyu-biyu? Babu. An ɗiga mata maganin ido? Ko ɗaya. Ya ce duk waɗannan kan zo da buɗewar baƙin ido, wasu ma da haɗari, shi ya sa ba a zama da shi a gida.

"Mama, kin taɓa wani ganye kwanan nan?"

"Zaƙami," in ji Inna. "Na daka na ɗaura wa wata a gwiwa. Ido ya yi mini ƙaiƙayi, na murza."

Likitan ya yi murmushi. Ya ce ruwan zaƙami in ya shiga ido sakin naman da ke tsuke baƙin yake yi, kuma da kansa zai koma cikin 'yan kwanaki.

A mota na ce, "Inna, gwiwar wa?" Ta kau da kai. Na matsa mata. Ta maƙwabciyar ce!

Kafin ranar suna ido ya koma daidai. Ran sunan na sa Inna ta ci ado, na ja ta muka shiga gidan maƙwabciyar, mata cike da tsakar gida. Na durƙusa har ƙasa na gaida maƙwabciyar, da ƙarfi yadda kowa zai ji.

"Gwaggo, ya gwiwa? Na ga har rabon tuwo kike a tsaye. Ai zaƙamin da Inna ta daka miki shi ya shiga idonta, likita ya faɗa."

Gwaggo ta sunkuyar da kai, ludayi a hannu. Kai, na ji daɗi, ba zan ɓoye ba!

Maijegon ce ta taso da kanta, ta ɗora jaririn a cinyar Inna. Inna ta juya shi, ta leƙa wuyansa.

"Wa ke yi wa yaron nan wanka? Ko bayan kunne ba a cuɗa ba. A ɗora mini ruwa."