Ranar da idona ya yi wa jirgin sama aiki

"Me ka gani, tsohon mijina?"

Jikata Safiya ce ta tsayar da ni a tsakar gida nan Kabo, rana na dukanmu, ta haska min allon kwamfutarta ta rufe da sauri. Aikinta na gama jami'a ke nan, tsara allon da matuƙin jirgin sama yake dubawa. In bai karantu a kallo ɗaya ba, sai ta maimaita shekara.

Wallahi hasken rana ya cinye rubutun. Amma tausayinta ya kama ni, na ce, "Ya fito tas, amarya."

"To faɗi lambar."

Na fara kame-kame, wai ai da furfurata na shiga ajin yaƙi da jahilci, laifin idona ne.

Da ta gane ban ga komai ba, ta ce, "Kaka, laifin allon ne. Matuƙi ma rana tana kashe masa ido, ga rayuka a bayansa."

Ta ƙara wa lambobin girma, ta canja launi. Da ta sake haskawa, na karanta da ƙarfi har maƙwabta suka leƙo.

Jiya ta bugo waya, ta ci! Alhamdulillahi, ashe rashin ganin nawa take nema. Ku sa mata albarka a ƙasa, jama'a.