Minti Biyu a Kan Ɗiyar Fari

Shekara goma sha huɗu ina aikin jinya a Safana kafin wani asibiti a ƙasar waje ya ce zai ɗauke ni, in dai na ci jarrabawar Turanci. Karatu da rubutu ba su dame ni ba. Ɓangaren magana ne ya tsaya mini a wuya: a zaunar da mutum gaban baƙo, a ba shi batu, ya yi ta zuba minti biyu ba tsayawa. Na riga na faɗi sau ɗaya. In na sake, gurbin ya tafi.

Aka haɗa ni da wani malamin sakandare a Batsari, wanda iyakar tafiyarsa Kaduna, amma in yana ba da labarin Turawa sai ka rantse shi ya yanke musu cibiya. Duk Asabar nake zuwa da ɗiyata ta fari, 'yar shekara sha shida, ita ke duba mana lokaci a waya.

Ranar farko ya tambaye ni ya aiki. Na ce mun gode Allah. Ya jira, ni ma na jira.

"Hajiya, saura minti ɗaya da daƙiƙa hamsin da bakwai."

"To mi zan ƙara, Malam? Ƙarya?"

"Ƙaryar ma maki gare ta, in dai ta yi tsawo."

Haka ya koya mini rashin kunya daki-daki: in zura wa babba ido, in yabi kaina, in ba da ra'ayi a kan gidan tarihin da ban taɓa shiga ba. Abin da uwata ta cire mini da muciya, ya maido cikin sati shida.

Rannan ya ce in yi magana kan wanda nake alfahari da shi. "Ɗauki ɗiyar nan taki."

Raina ya ɓaci. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, balle ta yabe shi. "Ke" nake ce mata.

"Ba ni wata tambayar."

"Ranar jarrabawa Baturiyar da za ta saurare ki ba ta ba ki wata."

Na tuna gurbin, na kalli bango, na fara. Na faɗi yadda ta goya ƙaninta ta bi cikin gero ranar da muka ji harbi a Runka, da yadda take ajiye mini tuwo in na daɗe a asibiti. Har sunanta na kama, tunda Turanci bai san kunya ba.

Malam ya leƙa wayar. Minti huɗu, yarinyar ba ta tsayar da ni ba. Ya yi mata faɗan sakaci, ni kuma ya lissafo mini kuskure bakwai.

Na ci jarrabawar. Ranar da takardun tafiya suka iso, yarinyar tana tsince shinkafa, kanta a sunkuye, ta ce, "In kin tafi, ki riƙa kirana da Turanci."