Romon Bekire

Toremurat maƙwabcina ne kuma sa'ana, saboda haka ina da bakin faɗar komai a kansa. Katanga ɗaya ta raba mu a ƙauyenmu na bakin Amu Darya, can ƙasa inda kogin yake gab da faɗawa teku. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, hannuwansa duk tabon ƙugiya, bakinsa kuma ba ya hutawa. Tun muna samari ni nake tuƙa masa kwalekwale, shi yana su yana zagina.

Kifi ɗaya ya sani a duniya, bekire. Sauran duk ƙwari ne a wurinsa. Bekire in ya ƙasaita ya fi mutum tsawo, ga dogon hanci, ga gashin baki, ga ƙaya jere a gadon baya, kuma a ƙasan ruwa yake kiwo. Da mamari Toremurat yake kama shi. Doguwar igiya ce zai shafe da kwalta ya gitta a ƙasan kogi, ƙugiyoyi jere a jikinta, kowace da ɗan ɓawon itace da zai ɗago ta. Ba a sa musu abinci. Gudun ruwa ne ke sa su rawa, bekire ya zo wucewa ya tsaya wasa da ɓawon, yana kaɗa wutsiya ƙugiya ta cafke shi. Don haka kaifi shi ne komai. Sai ya yini a ƙofar gida da magagari, yana gwada tsinin kowace a farcensa, wadda ta zame ya sake mata. Masu sa tana a ƙugiya kuwa mabarata yake ce musu, wai roƙon kifi suke yi.

Sai aka fara shanye kogin daga sama. Aka yi madatsa, aka ja ruwa zuwa gonakin auduga, teku ta soma ja da baya tana bar mana gishiri. Bekire ya ragu, ya koma sai labari. Masu hankali suka tattara suka tafi. Mu marasa shi muka zauna, Toremurat yana ta wasa ƙugiya kamar an ce masa gobe ruwan zai dawo.

A cikin wannan hali ɗansa Kuwanish ya auro Nesibeli, 'yar masu kiwon raƙuma, ya ajiye ta wurin iyayensa ya koma aikin layin dogo. Yarinya ce mai kunya, ko sunan surukinta ba ta kamawa. Tana durƙushe tana zuba shayi, shi kuma yana zuba. Kullum labarin romon bekire: yadda ake dafa kai da guringuntsi, yadda yake manne leɓe, yadda mutum zai sha ya ji har yatsun ƙafa. Na sha ce masa ya rufa mana baki, yunwa yake tayar mana a banza. Ina! Ba ya ji.

Da Nesibeli ta sami ciki, sai ta daina cin komai. Nonon raƙumi ya dawo, gurasa ta dawo, naman rago ko warinsa ba ta so. Da ƙyar ta raɗa wa uwar mijinta, Ulbosin, abin da ranta yake so. Ina zaune Ulbosin ta fito ta tsaya a kan Toremurat.

"To, sarkin surutu, ga abin da bakinka ya jawo mana. Yarinya bekire take so."

"Wane bekire? Ita da ba ta taɓa ganinsa ba?"

"Ai kai ka ɗura mata shi ta kunne. Sai ka tashi ka nemo."

A wurinmu kwaɗayin mai ciki ba abin wasa ba ne. Ko doki ne sai a yanka. In ba ta samu ba, cewa ake yaron zai zo yana dalalar da miyau har girmansa, kuma a ce gidan su wane ne suka kasa. Ko ba wannan ba, yarinyar ramewa take a gaban idonmu, wuyanta har ya yi tsawo.

Muka tura kwalekwale. Rabin hanya turawa muke da ƙafa, don ruwan bai kai gwiwa ba. Muka shimfiɗa mamari a tsohon ramin da ubansa ya nuna masa. Da muka ɗago, ƙugiyoyin sun fito da laka har wuya. Ruwan ba ya gudu, ba abin da zai sa su rawa, kwanciya kawai suka yi. Muka haura sama, muka gangara ƙasa, muka kai har gindin madatsa. Muka tambayi masunta na nesa da na kusa, kowa ya ce rabonsa da bekire har ya manta. Ni dai na san wahalar banza muke yi, shi ma ya sani, amma ba wanda ya iya faɗa.

Wata safiya na same shi tsugune bayan gida yana tonon tana. Shekara da shekaru ina jiran ranar nan don in rama.

"A'a, yau kuma bara za a fita?" na ce.

Ya ɗago ya dube ni. "Otegen, ka bari," ya ce. Ban taɓa jin ya roƙe ni ba sai ran nan, kuma wallahi na ji kunyar kaina.

Ya soka tana, ya soka fara, ya soka hanjin kaza. Bai ma iya sokawar ba, ni na koya masa. Abin da muka samu wata ƙatuwar tarwaɗa ce mai warin taɓo. Ya ɗaga ƙafa zai mayar da ita ruwa, na riƙe shi.

Ulbosin ce ta yanke shawara. "Ta san bekire ne? Ku cire kan ku jefar can nesa. Kai kuma in ka buɗe baki, ni da kai ne."

Ta dafa da albasa da yawa. Nesibeli ta karɓa hannu biyu, ta shanye, ta sunkuyar da kai ta ce, "Inna, a yi wa Baba godiya. Raina ya kwanta." Toremurat ko ɗagowa bai yi ba. Muka ce shi ke nan, Allah ya rufa asiri.

Ba a jima ba, da rana tsaka, muka nufi rumfar da yake ajiye igiyoyi. Yana gaba sai ya tsaya cak. Nesibeli ce durƙushe a ciki, ta kwantar da wata tsohuwar gangar katako, irin wadda ake jiƙa bekire da gishiri a da. Ta tura kanta ciki tana shaƙa, tana kankaro katakon da cokali tana sa wa a baki. Ba wanda ya gaya mata abin da aka taɓa zubawa a ciki. Hancinta ne ya kai ta.

Ya ja ni baya a hankali don kada ta gan mu ta ji kunya. Muka zauna gindin katanga. Muna nan har inuwa ta juya.

Da ta fita, ya ɗauki gatari ya shiga. Ya ɓallo katako ɗaya daga jikin gangar, baƙi ƙirin, maiƙon shekaru ya ratsa shi. Ya faskara ƙanana ya kai wa Ulbosin.

"Dafa mata."

"Ka haukace? Itace zan ba 'yar mutane?"

"Shi ne bekiren da ya rage a kogin nan. Dafa."

Ta dafa tana kuka. Da tukunyar ta tafasa, wani ƙamshi ya taso, siriri, daga nesa, amma shi ne. Ni kaina sai da na haɗiyi miyau. Nesibeli ta sha, ta ci gurasa a kai, abin da ta daɗe ba ta yi ba, kuma bai dawo ba. Ta suɗe kwanon, ta dubi Ulbosin.

"Inna, akwai saura na gobe?"

Toremurat ya miƙe ya koma rumfar, na bi shi. Muka tsaya muna duban gangar. 'Yar ƙarama ce, gefe ɗaya ma ya ruɓe, haihuwa kuwa sai sanyi ya shigo.