Bututun da na saya wa Inna

Inna ta kai shekarun da jan guga ya fi ƙarfinta, amma ba ta yarda ta faɗa ba. Ni na gani da idona wata Asabar da na zo daga Maiyama, inda nake aure kuma nake koyarwa a firamare. Na same ta a bakin rijiyar gidanmu, ta jawo guga har rabi ta tsaya tana haki, igiyar naɗe a hannunta. Abin da ya fito ma rabinsa laka ne, don rijiyar nan takan ja baya da zarar bazara ta kama.

Gidanmu yana bakin wani ƙauye a wajen Aliero. Bayan gidan akwai hanyar da amalanken shanu ke bi, a ƙetarenta kuma gonar da Baba ya bari, inda yayana yake noman albasa. Mu biyu muka rage wa Inna, ni da shi. A gonar akwai rijiyar burtsatse da tanki a kan ƙarfe, ruwa garau, sola ke jawo shi. Daga tankin zuwa tsakar gida bai wuce tafiyar minti biyar ba. Na ƙudurta ruwan nan zai zo har ƙofar ɗakin Inna.

Da na gaya wa Yaya ya yi murna ƙwarai. "Ke dai sayo bututu," in ji shi. "Haƙa da binnewa ki bar mini."

Ranar kasuwar Jega na je. Ban san komai a kan bututu ba, shi ya sa na wuce shaguna uku da suka yi ta yi mini zaƙin baki, na tsaya wurin wani dattijo da bai ko tashi daga kan bencinsa ba. Ya tambaye ni nisan wurin, da irin ƙasar, da ko akwai abin da ke bi ta sama. Da na ambaci amalanke sai ya miƙe, ya ɗauko guntaye biyu ya ajiye a ƙasa.

"Taka wanga, Malama."

Na taka farin, ya lotse ƙarƙashin takalmina.

"To taka wancan."

Baƙi ne mai shuɗin layi, mai kaurin jiki. Na ɗora nauyina duka, ko gezau.

Ya ce shi zan ɗauka, na naɗi, don ba ya son mahaɗi da yawa. Ya ce a haƙa rami ya wuce gwiwa, inda amalanke ke bi kuma ya kai ƙugu. A tsince duwatsu, a shimfiɗa yashi, a kwantar da bututun ba tare da an ja shi ya yi tauri ba, a saki ruwa a duba ko'ina kafin a mayar da ƙasa. Na rubuta duka a bayan takardar darasi. A-kori-kura ta kai kayan ƙauye da la'asar.

Ranar da aka fara aiki ina wurin. Na ga an ɗaura bakin bututun a gindin tanki, na ga an kwantar da shi a rami mai zurfi kan yashi, yadda dattijon ya ce. Amma makon jarrabawa ne, dole na koma Maiyama. Ranar Juma'a da na dawo an rufe komai, an daddaɓe ƙasa. Yaya ya riƙo hannun Inna ya ɗora a kan famfo, ta murɗa, ruwa ya zubo. Ta tara hannu biyu ta sha, ta wanke fuska, ta yi ta sa mana albarka. Na yi kuka a wurin. Kafin in tafi na durƙusa na yi wa Yaya godiya.

Mako biyar ruwa yana zuwa. Daga nan ya fara raguwa, sai ya koma ɗiga. Inna ba ta gaya mini ba, maƙwabciyarta ce ta kira ni a waya ta ce ta sake ganin tsohuwa a bakin rijiya.

Na zo na sami Yaya a gona. Ya girgiza kai ya ce, "Ai na so in faɗa miki tun farko, ban son ɓata miki rai ne. Mutanen Jega sun cuce ki. Sun ga mace, sunka ba ki ruɓaɓɓen kaya."

Na yarda da shi nan take. Me zai sa in ƙi? Na hau mashin zuwa bakin titi, na shiga mota sai Jega. Na tsaya a ƙofar shagon dattijon, a gaban masu saye, na faɗa masa maganganun da har yau nake jin kunyarsu. Na ce ya ji tsoron Allah, da furfurarsa yana cutar marayu. Bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "Malama, tahi ki tono wurin da yake yoyo, ki yanko mini guntu. In nawa ne, ni zan zo da ƙafata in sake miki shi duka."

Washegari na samo masu haƙa biyu daga wani ƙauye, ban bi ta wurin Yaya ba, don kawai ba na son in ɗora masa wata wahalar. Muka bi layin har hanyar amalanke, inda ƙasa ta yi danshi ciyawa ta tsiro kore shar. Sara uku aka yi da diga, ɗayansu ya ce in zo in gani.

Ko tsawon tafin hannu biyu ba a binne bututun ba. Fari ne, siriri, irin wanda na taka ya lotse. Ya tsage a tsaye. Inda aka haɗa shi da ɗan'uwansa da wuta aka gasa bakin, aka cusa, aka naɗe da robar tayar keke. Babu yashi, sai tsakuwa.

Na ce su ci gaba. Muka tona wuri shida. Baƙin bututuna yana nan taku ashirin daga tanki, inda na tsaya na gani da idona, yana nan kuma taku goma daga famfon Inna. Duk abin da ke tsakani fari ne.

Ban sha wahalar gano inda sauran ya tafi ba. A wannan shekarar Yaya ya karɓi aron wata gona a fadama, ta wajen Kimba. Na sa mai mashin ya kai ni. Tun daga nesa na hango shi kwance a fili tsakanin fangalan albasa, baƙi da shuɗin layinsa, yana kai ruwa daga injin ban-ruwa zuwa can ƙarshen gona. Yaya yana duƙe yana buɗe wa ruwa hanya da fartanya. Ya ɗago ya gan ni, ya ga guntun farin bututu a hannuna.

"Yaya, wannan baƙin bututun na waye?"

"Ke, aro na yi. In an cire albasa zan mayar."

"Ka mayar ƙarƙashin ƙasa?"

"Ruwan sha na tsohuwa guda, mi zai ci? Ƙaramin ya isa. Albasag ga ita ka ciyar da gidan, ba albashinki ba."

"Ka ce mini mai shago ya cuce ni. Na je na zage shi a gaban mutane."

"Ni na aike ki?"

Ya koma ya duƙa kan fartanyarsa. Na juya na hau mashin.

Na koma gida wurin Inna, ina ganin ita ce za ta raba mu. Na ajiye guntun a gabanta na kwashe labari duka na faɗa mata. Tana tsinkar zogale a faranti, ba ta daina ba.

"Na sani," ta ce.

Na ɗauka ban ji daidai ba.

"Ya faɗa mini tun ranar da anka rufe ramin. Albasarshi na ƙonewa, ba shi da yadda zai yi. Ni nac ce ya ɗauka."

"Inna, ranar da kika murɗa famfo ina kuka, kin sani?"

"Ɗiyata, ke kina da aikinki, kina da mijinki. Shi gonag ga kaɗai gare shi. Kada ki tona mishi asiri, don Allah. Ni na saba da guga."

Ban yi mata musu ba, ban taɓa yi ba. Na ce to. Na shiga ɗaki na ɗauki jakata. Abin da Yaya ya yi ya ƙona mini rai, amma na Inna ya fi zama a ƙirjina. Ta san lokacin da na tafi Jega a fusace, ta ga fitata, ta bar ni na tafi.

Na kai wa dattijon guntun. Ya juya shi a hannu ya ce wannan na wayar lantarki ne, ba na ruwa ba. Na durƙusa a ƙofar shagon, a daidai inda na tsaya na zage shi, na roƙi gafara. Ya ce ya yafe, bai tambaye ni wanda ya yi ba. Ina jin ya gane.

Da aka yi hutu na sake sayen wani bututun. Mijina bai so ba, amma bai hana ni ba. Kwana huɗu ina tsaye a rana da lema, ina auna zurfin rami da sanda, ina bin kowane taku har aka rufe. Yaya bai leƙo ba ko sau ɗaya. Inna takan aiko mini da fura a bakin rami, in sha in mayar da kwano.

Ruwa yana zuwa har yau. Ina zuwa gida duk bayan mako biyu, in gaishe da Inna, in yi mata wanki, mu yi hirar mutanen gari. Ni da Yaya muna gaisawa in mun haɗu, yana tambayar yara, ina tambayar iyalinsa. Bai mayar da bututun ba, ban kuma tambaya ba.

Bayan an cire albasa ya aiko mini da buhu guda har Maiyama, manya-manya, jajaye. Direban ya ce in ji Yaya a gaishe ni. Mijina ya tambaye ni inda za a ajiye. Na ce a raba wa maƙwabta, aka raba a ranar.